Butoci Dubu Goma da Bakwai

"Ba zan rubuta ba, Alhaji."

Alhaji Mamuda ya ɗauka bai ji da kyau ba. Ya karkato kunne, ya gyara zama a kan sabuwar kujerarsa ta kushin da har lokacin ba a cire mata leda ba, ya ce in sake faɗa. Na sake faɗa. A durƙushe nake kamar yadda aka koya mini, amma muryar irin wadda nake kiran sunayen 'yan aji da ita ce.

"Safara'u, ɗiyata," ya ce, "mi na roƙe ki? Ki fita ki rubuta a allo cewa kowane gari ya samu buta dubu uku da ɗari uku da talatin da biyar, babu saura. Biyun da suka rage Gide zai kai maki gida cikin buhu. Ke ɗaya, innarki ɗaya. Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu, ranka ya daɗe. Amma akwai saura."

"In an kai gidanku ai babu saura."

"Akwai. Yana gidanmu."

Gide, direbansa, yana tsaye a bakin zauren. Dariya ta kuɓuce masa, ya mayar da ita tari. Alhaji ya harare shi, sannan ya dawo kaina, ya sassauta murya.

"Bulon ajinki yana bayan gidan nan a jere. Kwanon rufi na aika Funtuwa a kawo. Kafin ruwan fari ki ga kanki cikin ɗaki mai ƙofa da taga. Ko kin fi son gindin tsamiya, tsuntsaye suna yi wa 'yan mata kashi a littafi?"

Ban fi son gindin tsamiya ba. Allah ya sani. 'Yan mata arba'in da ɗaya nake karantarwa a wani ƙauye kusa da Mairuwa, a shekarar da aka buɗe firamare kyauta, yara suka yi yawa har ɗakuna suka gaza. Maza suka samu ɗakunan da ke akwai, mu aka ba mu itace. Ni kaɗai ce mace a duk yankin da ta gama kwalejin horon malamai, kuma a ajinmu ba a taɓa kayar da ni a lissafi ba. Ba alfahari nake ba, takardar tana nan a ƙasan akwatina. Alhaji Mamuda ne ya yi alkawarin gina mana aji da aljihunsa, domin a wancan zamani kwangila ta buɗe masa. Shi ya yi kwalbatoci a hanyoyin ƙauye, wasunsu ma a inda ruwa bai taɓa bi ba.

Ga yadda butocin suka samo asali. Alhaji ya je Kano sayen tayar mota, ya ga butar roba, koriya mai ratsin fari, wadda ba ta tsatsa kuma ba ta fashewa in ta faɗi. Nan take ya ce a ba shi dubu goma, zai yi sadaka. Da aka gama lodi sai ya tsaya a kan gyara. Mutumin da ya taso yana sayen gyaɗa a kasuwa ba ya barin wuri sai an yi masa gyara, ko jirgin sama ya saya. Mai kaya ya ɗora masa buta biyar. Alhaji ya ce biyar raini ne. Gide ya ba ni labari cewa tun daga azahar har la'asar suna ja, motoci huɗu suna tsaye a rana, sai da aka kai bakwai ya yarda aka tashi.

Da ya dawo, aka juye butocin a filin ƙofar gidansa suka yi tsauni. Awaki suka daina bin wurin. Ran kasuwa Alhaji ya hau bayan mota, ya rantse da Allah a gaban jama'a cewa butocin nan dubu goma da bakwai zai raba su daidai wa daida, ko ɗaya ba za ta yi saura ba, kuma babu wanda zai fi wani. Sanƙira ya kai maganar kasuwanni uku, da lambar da labarin gyaran duka, yana ƙarawa da cewa a duniya babu wanda ya taɓa karɓar gyaran buta bakwai sai uban gidansa.

Garuruwa uku ya nufa: Mairuwa inda aka haife shi, Damari garin mahaifiyarsa, da Ruwan Godiya inda ya yi kwalbatinsa na farko. Kowane gari ya turo dattawa. Dattawan ba su yarda da juna ba, ba su yarda da magatakardan Alhaji ba, sai suka haɗu a kaina. Ubana ɗan Mairuwa ne, innata 'yar Damari, kakata kuma daga Ruwan Godiya aka auro ta. Suka ce duk wanda na cuta, jinina na cuta.

Tun kafin in ɗauki alli na san za a yi rigima. Akwai dabarar da aka koya mana: in kana son sanin ko lamba za ta rabu uku, ka tara 'ya'yanta. Ɗaya da sifiri uku da bakwai, takwas ke nan. Takwas ba ta rabuwa uku, uwar ma ba za ta rabu ba. Na faɗa wa Alhaji haka da safe don ya shirya, shi ne ya kira ni zaure.

Na miƙe, na fita. Allon ajinmu yana jingine a jikin babbar mota, mutane sun cika fili har kan katanga. Na yi rabawa a hankali, ina faɗa da baki yadda kowa zai ji. A ƙasa na rubuta da manyan baƙaƙe: SAURA BIYU. Na ja layi biyu a ƙarƙashi, don haka muke yi a kwaleji.

Baba Rabo, jagoran mutanen Damari, tsoho ne siriri mai sanda, wanda aka ce ya taɓa yin shari'ar shekara shida a kan kan iyakar gona da bai kai faɗin tabarma ba. Shi ya fara magana.

"Malama, biyun nan na wa ne?"

"Ba na kowa ba ne, Baba. Saura ne."

"To a ba Damari ɗaya. Mu ne kawunnai."

Mutanen Mairuwa suka ce a garinsu aka binne cibiyar Alhaji. Mutanen Ruwan Godiya suka ce ba don kwalbatinsu ba da har yanzu jaki yake hawa. Buta biyu, gari uku. Duk wanda bai samu ba, an fi shi, rantsuwa ta karye. Wani daga baya ya ce a yanka biyun gida uku-uku, kowane gari ya ɗauki yanki biyu. Baba Rabo ya ce ya yarda in dai Damari ce za ta ɗauki wajen bakin da ruwa ke fita. Malam Sha'ibu, limamin unguwa, ya ce butar da aka yanka ta tashi daga buta, ta koma roba, kuma Alhaji bai rantse a kan roba ba.

Sai ga Alhaji ya fito daga zaure yana murmushi, riƙe da wani abu kamar ƙaramin littafi. Na'urar lissafi ce da ya sayo a Makka, ba a taɓa ganin irinta a garin ba. Ya ce ɗan Adam yana kuskure, musamman mace mai jin kai, amma na'ura ba ta da dangi a Damari. Ya danna, ya danna, ya ɗaga ta sama. Jajayen lambobi suka fito: 3335.6666.

Magatakarda ya leƙa, ya ƙirga lambobin da yatsa, ya share gumi. Ya ce, "Ranka ya daɗe, kowane gari ya samu buta miliyan talatin da uku da 'yan kai."

Wurin ya kaure da kabbara. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa daga bayan katanga. Baba Rabo ya juya ya dubi tsaunin butoci, ya dubi na'urar, ya ce, "To ina sauran? A fito da su."

Na ce a ba ni in gani. Na nuna musu ɗan ɗigon da ke bayan biyar. Gide ya ce kashin ƙuda ne, ya tofa yawu a gefen riga ya goge, ɗigo yana nan. Na ce ɗigon nan shi ne na'urar take cewa daga nan butoci sun ƙare, abin da ya biyo baya gutsattsari ne. Shida-shidan nan kashi biyu ne cikin uku na buta, kuma da gilashin ya kai daga nan zuwa Kankara da haka za su yi ta tafiya.

"Wato ita ma yankawa ta ce a yi," in ji Malam Sha'ibu.

"Ita ma, Malam."

Alhaji ya mayar da na'urar aljihu. Bai sake fito da ita ba sai ranar da jikokinsa suka mayar da ita rediyon wasa.

Kashegari da sassafe Gide ya tafi Funtuwa a ɓoye ya sayo buta guda, domin magatakarda ya ji ni ina cewa dubu goma da takwas tana rabuwa uku lafiya lau. Aka jefa ta cikin tsauni. Matsalar ita ce duk Funtuwa babu koriya, ja ya samu. Tun daga nesa Baba Rabo ya hango ta kamar zakara cikin agwagi. Ya tsamo ta da sanda, ya ɗaga, ya ce wannan baƙuwar 'yar wa ce? Malam Sha'ibu ya ce rantsuwa ta hau kan dubu goma da bakwai, sanƙira ya kai lambar kasuwa uku, ba a ƙari ba a ragi. Aka ba Gide jar butarsa, har yau da ita yake zuba wa mota ruwa.

A nan ne bakina ya ja mini. Da na yi shiru da wataƙila an wuce wurin. Amma na ce, a gaban kowa, "Ai da Alhaji ya karɓi gyaran biyar da aka fara ba shi, da an gama tun jiya. Dubu goma da biyar tana rabuwa uku cif."

Kowa ya juya ya dubi Alhaji. Sannan wani ya fashe da dariya a kan katanga, har ya faɗo. Alhaji ya dube ni irin kallon da ake yi wa kunama a cikin takalmi.

Malam Sha'ibu, don ya kashe wutar, ya ce ya sake auna lafazin rantsuwar. Wai Alhaji cewa ya yi zai raba daidai, amma bai ambaci gari nawa ba. Saboda haka in uku sun ƙi, a ƙara na huɗu. Alhaji ya washe baki. Ya ce a aika Kankara, yana da abokin ciniki a can.

Na ce, "Ranka ya daɗe, huɗu ba za ta yi ba. Lambar mara ce, ba cika ba. Ko biyu ba ta rabuwa."

"Ke aka tambaya? Bari su zo tukuna."

Suka zo, mutum goma sha ɗaya cikin akori-kura, aka yanka musu rago. Na raba a allo. Dubu biyu da ɗari biyar da ɗaya, saura uku. Aka aika Faskari. Gari biyar, saura biyu. Aka aika Sabuwa. Gari shida, saura biyar. Duk garin da aka gayyato ba a iya cewa ya koma, domin an riga an sa masa rai, kuma duk tawagar da ta zo ba ta tafiya, don kada a raba ba ta nan. Zaure ya cika, aka kafa rumfa, rumfa ta cika, aka ara ta makwabta. Kullum rago biyu da buhun shinkafa. Baba Rabo, wanda ya zo kamar sandarsa, ya fara yin kumatu.

Ni kuwa kullum da hantsi sai a aiko a ɗauke allon ajinmu, in bar 'yan mata suna rubutu a ƙasa da tsinke, in je in tsaya a rana ina raba lamba guda. Gari bakwai, saura huɗu. Gari goma sha ɗaya, saura takwas. Gari goma sha uku, saura goma. Mutane suka fara cewa ni ce nake ƙara sauran. Wani dattijo daga Sabuwa ya ce a canza mini alli, wataƙila an yi masa tofi. Aka canza. Wani ya ce in gwada da hannun hagu. Na gwada, rubutun ya karkace, saura bai motsa ba. A kasuwa mata suka sa mini suna Malama Saura. In na wuce sai in ji ana cewa, "A ɓoye ƙosai, kada ta ce akwai saura."

Innata, Mero, ta tare ni ran nan ina wanke alli daga hannu.

"Ke wai buta biyu ce ta gagare ki? Ni fa ina so. Tawa ta ƙarfe yoyo take."

"Inna, ƙarya ce zan rubuta."

"A allo ne fa. Ba gogewa ake ba?"

"Ana goge allo. Dattawan nan sun ce jinina ne."

"Jininki! Rabo ɗan'uwan ubana ne, na san shi, ko an ba shi duka sai ya ce an cuce shi. Ki rubuta masu abin da suke so, a gina maki ɗakinki, mu huta. Taurin kan nan ba a wajena kika gado shi ba."

Na ce a wajen lambar na gado shi. Ta jefe ni da marar tuwo, ta kuskure.

Gaskiya ranar na yi tunani. Na zagaya bayan gidan Alhaji na ga bulon a jere, sabo fil, har da ƙofar ƙarfe mai shuɗin fenti a jingine. Na tsaya ina auna inda zan rataye taswira. Gajimare ya riga ya fara haɗuwa ta gabas. Amma duk lokacin da na ga kaina ina rubuta "babu saura" sai in ga 'yan mata arba'in da ɗaya suna kwafa a littafi, domin duk abin da na rubuta a allon nan kwafa suke, har tabon da ke kusurwarsa.

Rana ta tara Alhaji ya sake kira na zaure. Ya rame. Ledar kujerar ma ta yage.

"Gari nawa zan tara kafin abin nan ya rabu? Faɗa mani gaskiya. Raguna sun ƙare a Mairuwa."

Na ce ya ba ni yini guda, kada a aika ko'ina.

Na koma gindin tsamiya da littafi sabo. Ba sai na gwada kowace lamba ba. In biyu ta ƙi, huɗu da shida da takwas da duk 'ya'yanta sun ƙi. In uku ta ƙi, tara da goma sha biyar sun ƙi. Waɗanda suka rage su ne lambobin da su kansu ba sa rabuwa: biyu, uku, biyar, bakwai, goma sha ɗaya, haka har casa'in da bakwai. Guda ashirin da biyar ne a ƙasa da ɗari. Kuma ba sai na haye ɗari ba, domin in lamba biyu za su haɗu su haifi dubu goma da bakwai, dole ɗayarsu ta kasance ɗari ko ƙasa, tunda ɗari da ɗaya sau ɗari da ɗaya ta riga ta zarce. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Goma sha bakwai, saura goma sha ɗaya. Ashirin da uku, saura biyu. Ashirin da tara, saura biyu, kamar tana yi mini gwalo. Tsuntsu ya yi kashi a kan hamsin da uku, na sake ta. Da la'asar na kai casa'in da bakwai, saura goma sha shida. Na sake bi daga ƙasa zuwa sama, don ni ba na kai aiki sau ɗaya.

Da na rufe littafin sai na ji ina son lambar nan. A kwaleji mun karanta irin waɗannan lambobi, amma ƙanana, na cikin jarrabawa. Ban taɓa gamuwa da babba haka ido da ido ba, a tsaye a fili, koriya mai ratsin fari. Na duba dubu goma da ɗaya, da dubu goma da uku, na ga duk suna rabuwa, ta farko da saba'in da uku, ta biyu da bakwai. Wato bayan dubu goma ita ce ta fari da ta ƙi. Duk cikin gyaran da Alhaji zai iya tsayawa a kai, sai ya tsaya daidai kanta.

Da safe na tsaya gaban tawagar gari goma sha uku. Na ce, "Iyayena, ko Alhaji ya gayyato gari ɗari, ko dubu, ko ya aika har Zariya, lambar nan ba za ta rabu ba. Irinta ba ta da abokin rabo sai biyu: ɗaya, da ita kanta. Ko dai mutum ɗaya ya kwashe duka, ko kuma a samu mutum dubu goma da bakwai kowa ya ɗauki ɗaya. Babu hanya ta uku."

Baba Rabo ya ɗaga sanda. "Ni na yarda da ta farko. Ina da wurin ajiya."

Aka zaunar da shi. Malam Sha'ibu ya ce ta biyu ta cika rantsuwa ciki da waje: daidai wa daida, babu saura, babu wanda ya fi wani. Alhaji ya tambaya ko mutum dubu goman nan sai an ciyar da su. Aka ce a'a. Ya ce to a fara yau.

Kwana goma sha tara aka yi ana rabo. Motoci huɗu suka bi kasuwanni daga Mairuwa zuwa Faskari, zuwa Kankara, suka gangaro Sabuwa da Damari. Ni aka ɗora a bayan mota ta gaba, a kan butoci, da allo da kwanon shuni. Duk wanda ya karɓa sai in dangwala masa shuni a babban yatsa, in ja layi. Baba Rabo ya zo sau uku, sau ɗaya da rawani, sau ɗaya da malafa, sau ɗaya yana ɗingishi da hannu a aljihu. Duk na gane shi, don kumatun. Wata mata ta ce cikinta wata tara ne, a ba ta biyu. Na ce ta dawo in ta sauka. Ta dawo ran kwana na goma sha shida a Sabuwa da jariri a goye, na dangwala masa shuni, na ba shi butarsa. Rana ta gasa ni har innata ta ce in ba don muryar ba da ba ta gane ni ba.

A Damari aka ƙare. Da butoci suka rage kaɗan, na sauko na shiga layi a can ƙarshe, na bar wa Gide shuni, don ni ma mutum ce. Ina ƙirgawa daga inda nake. Mutum shida ne a gabana, buta shida ta rage. Ta ƙarshe wani mai kiwo ya ɗauka, ya leƙa cikinta, ya busa, ya tafi. Na koma kan mota na ja layi na dubu goma da bakwai, na rubuta a ƙasa: BABU SAURA. Na ja layi biyu. Wannan karon gaskiya ne.

Sunan Alhaji ya kai inda kwalbatinsa bai kai ba. Duk masallacin da ka shiga a yankin sai ka ga koriyar buta. Amma tare da sunan, labarin biyar da bakwai ya bi, domin waɗanda suka ci ragunansa su suka fi kowa yaɗa shi. Har yau ba a ce masa Alhaji Mamuda. Alhaji Gyara ake cewa, kuma ya san bakin da maganar ta fito.

Bayan sati biyu na je gaishe shi, na tambayi maganar aji. Ya ce in lissafa masa bulon tukuna, ya ji ko suna rabuwa. Kafin in buɗe baki ya ce Gide ya raka ni waje. Da bulon aka gina wa sabuwar motarsa ɗaki, da ƙofar mai shuɗin fenti a gefe. Ina wuce shi kullum a hanyar makaranta.

Damina biyu na ƙara yi a gindin tsamiya kafin hukuma ta waiwaye mu. In hadari ya taso sai mu kife allo a ka mu ruga zauren makwabta. Iyaye goma sha biyu suka cire 'ya'yansu saboda mura da jiƙewar littafi, aka bar ni da ashirin da tara, kuma ba duka suka dawo ba da aka samu ɗaki. Innata ta yi wata guda ba ta amsa gaisuwata da baki, sai da ka, ko da yake ita ta samu butarta a layin Mairuwa. Abin da saura biyu ya ci mini ke nan: ɗakin aji, damina biyu a waje, 'yan mata goma sha biyu. Buta kuwa, duk ƙasar nan ni kaɗai ce na taɓa dubu goma da bakwai da hannuna ban samu ko ɗaya ba. Da tsohuwar ta ƙarfe nake alwala, mai yoyon.